Yadda ƙyanda ke goge garkuwar yara: Darasi ga yankin Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa

A watan Oktoban 2025 ne Najeriya ta ƙaddamar da gangamin rigakafin da aka tsara domin kai wa ga yara kimanin miliyan 106. Kashin farko ya shafi jihohin Arewa, ciki har da Jigawa, inda aka yi wa yara daga wata tara zuwa shekara 14 allurar ƙyanda da rubela a haɗe, aka kuma ɗiga wa 'yan ƙasa da shekara biyar maganin shan inna.

A duk lokacin da aka yi irin wannan gangami, tambayoyi biyu ne ba su rabuwa da bakin iyaye a garuruwa da ƙauyukan Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa. Ta farko: yaron da ya riga ya yi ƙyanda ya warke, me kuma zai yi da allurar ƙyanda? Ta biyu: yaron da aka ɗiga wa maganin shan inna sau biyar ko shida, don me ake sake dawowa kansa?

Kuskure ne a ɗauki waɗannan tambayoyi a matsayin jahilci ko taurin kai. Tambayoyi ne na hankali, kuma amsarsu tana cikin wani fanni da masana suka shafe fiye da shekara ɗari suna nazari, wato yadda cutar da mutum ya taɓa yi ke sauya irin amsar da jikinsa zai bai wa rigakafi. Wani muhimmin ɓangare na wannan nazari ma a nan Arewa aka yi shi.

Jiki yana da kundin tarihi

Idan ƙwayar cuta ta shiga jikin mutum, garkuwar jiki takan yi ayyuka biyu. Takan ƙera sinadaran kariya da suka dace da wannan ƙwaya ita kaɗai, sannan takan ajiye wasu ƙwayoyin jini na musamman waɗanda aikinsu shi ne tuna kamanninta. Wasu daga cikinsu kan zauna a cikin ɓargon ƙashi shekara da shekaru suna fitar da sinadaran kariya. Idan cutar ta sake dawowa, sai a tare ta tun kafin ta kwantar da mutum.

Rigakafi yana amfani da wannan baiwa ce. Ana nuna wa jiki ƙwayar da aka raunana, ko wadda aka kashe, ko wani ɗan ɓangarenta, domin ya haddace ta ba tare da ya sha wahalar cutar ba. Saboda haka allura ba ta tarar da jiki fayau kamar sabon allo. Tana tarar da abin da cututtukan baya suka rubuta, da abin da suka goge, da kuma kariyar da jariri ya samo daga mahaifiyarsa.

Wannan ne ma dalilin da ya sa ake jira sai jariri ya kai wata tara kafin a yi masa allurar ƙyanda. Kariyar da ya gado daga uwa tana iya kashe ƙarfin allurar idan aka yi ta da wuri. Ko a wata taran, kimanin yara 85 cikin 100 ne allurar ke kamawa, shi ya sa aka ƙara ta biyu a wata 15.

Cutar da ke ƙone kundin

A cikin cututtukan da bairos ke haddasawa, ƙyanda tana cikin waɗanda suka fi yi wa wannan kundi ɓarna. Tun a 1908 wani likitan yara ɗan Ostiriya, Clemens von Pirquet, ya lura cewa gwajin tarin fuka da ake yi a fata yana daina nunawa a jikin yaran da ke kwance da ƙyanda, tamkar jikin ya manta ya taɓa haɗuwa da cutar.

A Najeriya, likitan yara David Morley ya yi aiki a Imesi-Ile da ke Jihar Osun ta yanzu a shekarun 1950 da 1960, ya kuma nuna wa duniya irin tsananin da ƙyanda ke yi a Afirka ta Yamma, inda gudawa da ciwon huhu da rama ke biyo bayanta. Daga nan sai Zariya. A 1973 Hilton Whittle da Brian Greenwood da abokan aikinsu na Jami'ar Ahmadu Bello suka wallafa binciken da ya nuna cewa garkuwar yaran da ke fama da ƙyanda tana raunana, har amsar da jikinsu ke bai wa allurar taifod tana raguwa. A 1978 Greenwood da wani abokin aikinsa suka nuna cewa zazzaɓin cizon sauro, ko da yake ba bairos ke kawo shi ba, shi ma yana rage amsar jiki ga allurar sanƙarau har wata guda bayan yaro ya tashi.

Amma sai a 'yan shekarun nan aka gane girman lamarin. A 2015 Michael Mina da abokansa suka duba alƙaluman mace-macen yara na Ingila da Amurka da Denmak, suka gano cewa bayan kowace annobar ƙyanda, mutuwar yara daga wasu cututtuka daban kan ƙaru na tsawon shekara biyu zuwa uku. A 2019 kuma aka wallafa sakamakon gwajin jinin yara 77 na wata al'umma a ƙasar Holan da ba ta karɓar rigakafi, waɗanda suka kamu da ƙyanda a annobar 2013. An ɗebi jininsu kafin cutar da kuma bayanta. Abin da aka gani shi ne ƙyanda ta shafe tsakanin kashi 11 zuwa kashi 73 cikin 100 na nau'ukan sinadaran kariyar da yaran suka tara. Yaran da aka yi wa allurar ƙyanda kuwa ba a ga wannan asara a jikinsu ba.

Dalilin shi ne bairos ɗin ƙyanda yana shiga ne kai-tsaye cikin ƙwayoyin jinin da ke riƙe da tarihin cututtuka, ya hallaka su. Jiki yakan maye gurbinsu cikin makonni, amma yawancin sababbin ƙyanda kaɗai suka sani. Yaro zai tashi da kariya daga ƙyanda har ƙarshen rayuwarsa, sai dai ya biya ta da tsada, domin ya rasa wani kaso na kariyarsa daga sauran cututtuka. Masana suna kiran wannan yanayi mantuwar garkuwar jiki.

Asarar ba ta tsaya kan kariyar da yaro ya samu ta hanyar rashin lafiya ba, tana iya taɓa wadda allura ta ba shi. Wani bincike da aka yi a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango kan yaran da suka kammala allurar tetanus sau uku ya nuna cewa waɗanda suka taɓa yin ƙyanda sun fi sauran ƙarancin sinadaran kariya daga tetanus.

Ga amsar tambaya ta farko ke nan. Yaron da ya yi ƙyanda ta gaskiya ba zai sake yin ta ba, amma ba kowane zazzaɓi mai ƙuraje ba ne ƙyanda, kuma ba a cika tabbatar da ita a ɗakin gwaji ba idan an yi jinya a gida. Allurar da aka yi a gangamin tana ɗauke da kariya daga rubela, cutar da ke da sauƙi ga yaro amma idan ta kama mai sabon ciki tana iya jawo ɓari, ko a haifi jariri kurma, ko mai yanar ido, ko mai matsalar zuciya. Sannan allurar ba ta cutar da wanda ya riga ya yi ƙyanda. Abu mafi muhimmanci kuma, yaron da ya tashi daga ƙyanda ya fi kowa buƙatar a duba katinsa a cike duk allurar da ta kuɓuce masa.

Abin da ya sa yankin ke cikin haɗari

Kazaure tana kan babbar hanyar Kano zuwa Daura, kuma da ita da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi ne suka haɗu suka zama Masarautar Kazaure. Babura, wadda ke ƙarƙashin Masarautar Ringim, tana maƙwabtaka da Ɓaure ta Jihar Katsina da Dambatta ta Jihar Kano, kuma ba ta da nisa da iyakar Nijar. Yanki ne na zirga-zirga. 'Yan kasuwa suna shige da fice, makiyaya suna ratsawa, bayan an kawar da amfanin gona kuma masu cin rani da almajirai suna kama hanya.

Wannan lokaci na tafiye-tafiye shi ne kuma lokacin ƙyanda, wadda ke tashi da hunturu ta yi ƙamari a bazara. Mutum ɗaya mai ɗauke da ita yana iya harbar mutum 12 zuwa 18 a cikin waɗanda ba su da kariya, kuma ƙwayar tana iya zama a iskar ɗaki har sa'a biyu bayan mara lafiya ya fita. Saboda haka sai an yi wa aƙalla kashi 95 cikin 100 na yara allura biyu kafin a iya datse ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mutum miliyan 10.3 suka kamu da ƙyanda a duniya, kimanin 107,500 suka mutu, yawancinsu 'yan ƙasa da shekara biyar. A wannan shekarar kuma Najeriya ce ke kan gaba a yawan yaran da ba a taɓa yi wa ko allura ɗaya ba, su kimanin miliyan 2.1.

Idan aka ɗora wannan a kan sauran annobar da yankin ya gani, sai hoton ya fito sosai. Cutar mashaƙo da ta ɓarke a ƙarshen 2022 ta fi tsanani a Kano, ta kuma taɓa Jigawa, kuma yawancin waɗanda ta kama ba su yi rigakafi ba ko ba su kammala ba. Jigawa tana cikin jihohin da sanƙarau ya addaba daga ƙarshen 2023 zuwa farkon 2024, abin da ya sa tana cikin wuraren da aka fara amfani da sabuwar allurar Men5CV a watan Maris na 2024, lokacin da Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da ita. Rashin rigakafi shi ne tushen waɗannan annoba. Sai dai a wurin da ƙyanda ke zagayowa duk rani, ko yaran da aka wahala aka kai asibiti sau uku domin allurar wata ɗaya da rabi, da wata biyu da rabi, da wata uku da rabi, suna iya rasa wani ɓangare na abin da suka samu. Ma'ana, kowace annobar ƙyanda tana cin wani abu daga jarin da gwamnati da iyaye suka zuba a sauran allurai.

Tamowa kuma tana ƙara dagula lissafin. Yaron da ba ya samun abinci mai gina jiki ya fi shan wuyar ƙyanda, ita kuma ƙyanda tana ƙara jefa shi cikin rama, tana cinye sinadarin bitamin A na jikinsa, wanda ƙarancinsa ke iya kai wa ga makanta.

Me ya sa ake maimaita ɗigon shan inna?

Tambaya ta biyu ma amsarta tana cikin wannan fanni. Ɗigon shan inna ƙwaya ce mai rai da aka raunana, kuma sai ta samu wurin zama a cikin hanji ta hayayyafa kafin jiki ya koyi yaƙarta. A inda ruwan sha da tsaftar muhalli ke da rauni, hanjin yaro ya riga ya cika da wasu ƙwayoyin bairos 'yan uwan na shan inna, waɗanda ke gogayya da ɗigon. Gudawa kuma tana iya fitar da shi kafin ya kama.

Alƙaluma sun tabbatar da haka. Binciken da aka wallafa a 2006 kan jihar Uttar Pradesh ta Indiya ya ƙiyasta cewa ɗigo ɗaya na tsohon maganin mai haɗe da nau'i uku yana kare kashi 9 cikin 100 ne kawai na yara daga nau'i na ɗaya. A Najeriya, binciken 2008 ya sami kashi 16 cikin 100 ga wannan magani, da kashi 67 ga wanda aka yi domin nau'i na ɗaya kaɗai. Ke nan ɗigo uku da zai wadatar da yaro a Turai ba lallai ya wadatar da takwaransa na Gwiwa ba. Maimaitawar ba alamar wata manufa ta ɓoye ba ce, lissafi ne na yadda hanji yake. Wannan ne kuma ya sa aka shigar da rigakafin shan inna na allura cikin jadawalin ƙasa a 2015, domin shi ba ya bi ta hanji.

Jigawa ta ɗanɗana sakamakon giɓin. An ga shan inna na asali karo na ƙarshe a Najeriya a Jihar Borno a 2016, kuma a ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da shi. Amma idan yaran da ba su da kariya suka yi yawa a wuri, ƙwayar da aka raunana tana iya daɗewa tana yawo a tsakaninsu har ta rikiɗe ta dawo da ƙarfinta. A 2018 aka gano wani tsatso irin wannan a Jigawa, wanda masana suka yi wa laƙabi da JIS-1. Ya tsallaka zuwa Jihar Damagaram ta Nijar, har Magarya, daga baya kuma aka gan shi a Benin da Ghana. Saboda irin wannan matsala ce aka ƙera sabon ɗigo mai wuyar rikiɗa, wanda Najeriya ta fara amfani da shi a watan Maris na 2021.

Ba kullum cutar baya ke ragewa ba

Adalci ne a faɗi cewa wani lokaci cutar da ta gabata ƙara wa allura ƙarfi take yi. An ga haka a lokacin korona. Kafin alluran farko su iso Najeriya a farkon Maris na 2021, cutar ta riga ta ratsa jama'a, kuma wani nazari na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙiyasta cewa zuwa Satumban 2021 kimanin kashi 65 cikin 100 na mutanen Afirka sun taɓa kamuwa, da yawa ba tare da sun sani ba. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa wanda ya warke daga korona sannan aka yi masa allura ya fi samun kariya mai ƙarfi da daɗewa a kan wanda ya tsaya ga ɗayan biyun. Amma wannan ba hujjar neman cuta da gangan ba ce, domin waɗanda ta kashe ba sa cikin lissafin.

Akwai kuma misalin da ya zama gargaɗi. A 2017 kamfanin Sanofi ya sanar da cewa allurarsa ta zazzaɓin dengi, Dengvaxia, tana kare waɗanda suka taɓa yin cutar, amma tana ƙara haɗarin cuta mai tsanani ga waɗanda ba su taɓa yi ba. Kafin nan an riga an yi wa ɗalibai kimanin 800,000 a ƙasar Filifin. Wannan allura ba ta cikin jadawalin Najeriya, kuma matsalar ta samo asali ne daga ɗabi'ar dengi mai nau'i huɗu. Abin lura shi ne abin da ya biyo baya: tsoro ya sa iyaye da yawa suka guje wa dukkan allurai, sai annobar ƙyanda ta 2019 ta kashe ɗaruruwan mutane a ƙasar, galibi yara. Arewa ta san irin wannan hanya, domin dakatar da rigakafin shan inna da aka yi a Kano daga 2003 zuwa 2004 ya bai wa cutar damar bazuwa zuwa ƙasashe da dama.

Wasu alluran kuma sharaɗinsu shi ne su riga cutar isowa. Allurar ciwon hanta nau'in B ana so a yi ta cikin sa'a 24 da haihuwa, domin kusan tara cikin goma na jariran da suka kamu a lokacin haihuwa kan zauna da cutar har girma, kuma allura ba ta fitar da ita bayan ta zauna. Haka allurar da ke kare mata daga sankarar bakin mahaifa, wadda aka fara a Oktoban 2023 a jihohin da suka haɗa da Jigawa. An zaɓi 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 ne domin allurar tana hana kamuwa, ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu. A yankin da ake yawan haihuwa a gida, ake kuma aurar da 'ya'ya mata da wuri, jinkirin kwanaki ko na shekara ɗaya yana iya zama bambanci tsakanin amfani da rashinsa.

Abin da ya rage a yi

Gangami yana rufe giɓi na ɗan lokaci ne, domin kowace rana ana haihuwar sababbin jarirai. Aikin da zai dawwama yana hannun Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Jihar Jigawa da ƙananan hukumomi: ranakun rigakafi da ba sa canzawa, firji mai aiki da hasken rana, da ma'aikatan da za su kai ga rugage da ƙauyukan da ke bakin iyakar Katsina da Kano. Allura ta biyu ta wata 15 ita ce aka fi mantawa, domin iyaye da yawa sun saba ɗaukar wata tara a matsayin ƙarshen zuwa asibiti.

Ya kamata kuma a sauya yadda ake sallamar yaron da ya yi ƙyanda. Bushewar ƙuraje ba ita ce ƙarshen haɗari ba. Ana buƙatar ba shi bitamin A sau biyu a kwana biyu a jere kamar yadda ƙa'ida ta tanada, a auna nauyinsa, a duba katinsa, a kuma gaya wa uwarsa cewa tari ko gudawa ko zazzaɓi a watannin da ke tafe ba abin jinkiri ba ne. Masu binciken 2019 sun ba da shawarar a duba yiwuwar sake yi wa irin waɗannan yara wasu allurai, kuma tambaya ce da ta dace hukumar NCDC da jami'o'in Arewa su bincika a kan yaran Arewa, kamar yadda aka yi a Zariya shekara hamsin da suka wuce.

Hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai, waɗanda suka taka rawa wajen kawar da shan inna, suna da sabon saƙon da za su isar. Al'adar ɓoye mai baƙon dauro a ɗaki, da hana shi zuwa asibiti har sai ƙuraje sun gama fitowa, tana jinkirta magani, tana kuma hana hukuma sanin annoba ta shigo. Haka nan mura ko ɗan zazzaɓi ko gudawa marar tsanani ba sa hana a yi wa yaro rigakafi, don haka bai kamata a mayar da uwa gida ba bayan ta yi doguwar tafiya.

Iyayen da ke tambaya sun cancanci cikakken bayani, ba tsawa ba. Uban da aka fahimtar cewa ƙyanda tana iya goge wahalar da matarsa ta sha ta zuwa asibiti sau uku ko huɗu, zai fi saurin neman katin ɗansa kafin iskar hunturu ta kaɗa.